Yadda Na Ƙara Wa Nasiru Shekara Biyar

Ranar da Goggo Hansatu ta shigo gidan gem ɗinmu na Makarfi ba za ta taɓa fita a raina ba, ko da kuwa na so ta fita. Kuma kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Kada ku yi ta karatu kuna jiran ya ɓullo a gaba, ga shi nan riƙe da biro.

Sadisu, mai gidan da muke wa aiki ni da ku, shi ya ce in rubuta muku wannan, ku sababbin ma'aikatan da ya ɗauka a shagon Ikara da na Kudan. Na ce masa ai akwai labaran da na yi abin kirki a cikinsu, me zai hana in ba ku ɗaya? Ya ce waɗancan ba su da darasi. To, shi ke nan.

Sunana Tanimu. Na yi aikin masinja a sashen ilimi na ƙaramar hukuma har na kai babban masinja, wato wanda ke aiken masinjan da ke ƙasa da shi idan rana ta yi zafi. Karatuna aji huɗu ne na firamare, amma na ɗauki fayil ɗin mutanen da suka yi digiri a kaina shekara da shekaru, kuma ina da yaƙinin wani abu ya tsiyayo. Da na yi ritaya na zauna a gida har uwargida ta fara tambayata ko ba ni da abokai ne. Ana cikin haka Sadisu, ɗan tsohon shugabana a ofis, ya buɗe gidan gem a bayan kasuwa. Shi yana aiki a Zariya, sai ƙarshen mako yake zuwa, don haka yana neman dattijon da zai zauna masa a ƙofa. Ni kuma ina neman ƙofar da zan zauna. Muka daidaita. Na naɗa wa kaina muƙamin Daraktan Ƙofa da Ladabtarwa, ba wanda ya ƙi, don ba wanda na tambaya.

Ga wanda bai san irin wurin ba, ɗaki ne mai faɗi da talabijin uku, kowace da na'urar gem a ƙarƙashinta, da abin riƙewa da yara ke ce wa fad. Akwai sola a kan rufi da ɗan akwatin intanet a manne da bango. Wannan ɗan akwati shi ne tushen maganar. Da shi yaro yana zaune a Makarfi zai buga ƙwallo da wani a Legas ko a wata ƙasar, ya sa abin ji a kunne su yi ta hira kamar a bakin rijiya suka haɗu.

Ba a daɗe da buɗewa ba iyaye suka kai ƙara wurin mai unguwa. Suka ce yara suna tsallake Islamiyya, suna wasan harbe-harbe da jini ke fallatsa a talabijin, suna kuma kwaso zagi cikin harsunan da ko fassara su ba a iya yi. Mai unguwa ya kira Sadisu ya ce a rufe. Sadisu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na'urar tana da makulli. A ba ni dama in sa shi." Mai unguwa ya ce ya ba shi dama ɗaya, in aka sake kama yaro a kan abin da bai kamata ba, to a kwashe talabijin. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam Tanimu, kai ne shaida, kai ne kuma mai tsaro." Na dafa ƙirji na ce ya bar komai a hannuna. Ku lura da wannan dafa ƙirjin, don ban sake yin irinsa ba.

Ga yadda makullin yake, kamar yadda Sadisu ya koya mini har sai da muryarsa ta dushe. Kowane mai wasa ana buɗe masa asusu da sunansa a cikin na'urar, kuma abin da take fara tambaya shi ne ranar haihuwa. In ta ga mutum bai kai sha takwas ba, ba za ta bar shi ya tsaya da ƙafarsa ba, sai an rataya shi a ƙarƙashin asusun babba, wanda take ɗauka a matsayin uba. Wannan babban shi zai faɗi tsawon lokacin da yaro zai yi a rana, in ya cika ta kashe masa wasan ko yana gab da cin ƙwallo. Shi zai ce a bar yaro ya yi hira da baƙi ko a toshe. Su kuma wasannin kowanne da lambarsa a kusurwa, wani uku, wani bakwai, wani sha biyu, har sha takwas, kuma yaron da bai kai lambar ba ko ya danna har yatsa ya kumbura ba zai buɗe ba. Duk wannan yana kulle da lambar sirri. Da yake Sadisu yana ganin iyayenmu na nan ba za su iya da wannan ɗawainiya ba, sai ya buɗe asusun uba guda ɗaya na shago, ya ba ni lambar. Na wayi gari ni ne uban yaran bayan kasuwa gaba ɗaya, ba tare da na yanka ragon suna ko ɗaya ba.

Ya kuma kafa doka. Ba a buɗe wa yaro asusu sai ubansa ya kawo shi da kansa, ya faɗi shekarunsa, ya faɗi abin da ya yarda da shi. Sannan ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: "Baba, ranar haihuwar nan in ta shiga ta shiga. Ba fayil ɗin ofis ba ne da ake gyara wa mutum shekaru in ritaya ta matso." Na ce masa ni ban san wannan al'ada ba, ji kawai nake yi.

Aiki ya tafi lafiya lau. Uba ya zo, mu gaisa, mu tambayi gona da iyali, ya ce wannan shekararsa goma, kada ya wuce la'asar, a toshe masa hira. In danna, in danna, yaro ya kumbura fuska, uba ya tafi yana sa mini albarka. Na fara jin cewa da an gano ni da wuri da ban ƙare a masinja ba.

Sai lokacin saran rake ya zo, gari ya cika da motoci da ƙamshin mazarƙwaila. Wata ranar kasuwa da hantsi Malam Haruna ya yi sallama. Manomin rake ne, gonarsa tana wajen Dandamisa, Bafulatani ne mai kunya da sanyin magana. A bayansa, can nesa kamar ba tare suke ba, ga wani dogon yaro yana tafe. Shi ne Nasiru.

Dole in gaya muku abu biyu a nan. Na farko, kakana Babarbare ne, don haka tsakanina da duk gidan su Haruna wasa ne, babbansu da yaronsu, ba a fushi. Na biyu, Nasiru ɗan farin Haruna ne. Ku 'yan zamani kuna ɗaukar ɗan fari a kafaɗa kuna hoto da shi, amma a gida irin na su Haruna uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama inda yake, ba ya nuna ya san da zamansa a duniya.

Muka gaisa da Haruna har muka gaji. Na tambayi rake, ya ce alhamdu lillahi. Ya tambayi ƙafata, na ce tana nan tana yajin aiki. Sannan ya dubi bango ya ce, "An ce sai an zo da mutum."

Na ce, "Haka ne. Wane ne za a buɗe wa?"

Ya nuna da haɓa wajen ƙofa. "Wancan."

"To madalla. Shekararsa nawa?"

Malam Haruna ya dubi takalminsa. Ya dubi rufi. Ya gyara hular da ba ta karkace ba. Can ya ce, "Wallahi Malam Tanimu, sai dai a tambayi masu shi."

Ku ji fa. Mutumin ya gaya mini abin da zan yi da Hausa mai kyau: a tambayi masu shi. Da ina da hankalin da nake taƙama da shi, da na ce su wane ne masu shi, a ina zan same su? Amma ni a lokacin abin da na gani shi ne bawan Allah yana zufa a gabana, kunya tana neman kashe shi, ga motar rake tana jiransa. Na ga ai ni dattijo ne, na san al'ada, ba zan tsare mutum ina tuhumarsa a kan ɗan farinsa ba. Na ce, "Je ka abinka, Malam Haruna, ka gama naka. Sauran aikin ƙwararru ne." Ya yi godiya kamar na fitar da shi daga kurkuku, ya fita ta gefen yaron bai ko kalle shi ba.

Nasiru ya shigo yana murmushi. "Babarbare, an ce kai ne uban kowa yanzu. Allah ya ji ƙan garin nan."

Na ce, "Rufe mini baki, ɗan nono. Shekararka nawa?"

Ya ce, "Haba! Kai da ka yi aiki a sashen ilimi? Aka ce yaran ƙaramar hukumar nan kaf ta hannunka suka bi. Dube ni mana ka faɗa, in dai ba ƙarya ake yi maka ba."

Wannan magana ta shige ni. Na miƙe tsaye, na sa tabarau, na ce ya tsaya a jikin bango. Na tsaya kusa da shi, na ga ya ɗara ni da kusan tafin hannu. Na ce ya yi magana da ƙarfi, na ji murya ta fara buɗewa. Na tambaye shi ko yana azumi cikakke, ya ce tun bara waccan. Na tambaye shi ko yana ɗaukar damin rake shi kaɗai, ya ce har biyu in an ɗora masa. Na duba leɓensa na sama a hasken taga, na ga wani abu, ko gashi ne ko ƙurar hanya ce, Allah masani. Na yi lissafi irin na zamaninmu, na ce yaro kamar wannan da tuni dagaci ya sa shi cikin masu biyan haraji. Wanda ya isa haraji kuwa ai ba yaro ba ne.

Na ce, "Sha takwas."

Ya ce, "Kai! Ashe da gaske ne abin da ake faɗa a kanka."

Na zauna na ƙirga baya da yatsu na fitar da shekarar. Wata da rana kuwa na ba shi ɗaya ga Janairu, ranar da aka haifi duk wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da na sani. Na danna. Abin da na lura shi ne na'urar ba ta nemi in rataya shi a ƙarƙashin kowa ba, ba ta tambayi lokaci ba, ba ta nemi lambar sirri ba. Ta dai yi masa maraba ta buɗe masa komai. Wani zai ga haka ya tsorata. Ni sai na ce a raina, ka ga, har injin Turawa ya yarda da hukuncina.

Daga nan sai aka samu zaman lafiya a shagon irin wanda ban taɓa gani ba. Da, kullum sai na yi shari'a: wannan yana kuka lokacinsa ya ƙare, wancan yana roƙo in ƙara masa kaɗan, wani yana rantsuwa ubansa ya yi kuskuren shekara. Duk sai aka daina. Ba mai roƙona komai. Ni kuma kujerata tana bakin ƙofa, na ba talabijin baya saboda haskensu yana sa mini hawaye, rediyona a kunne. Nakan ji dai ana ta kiran suna ɗaya: "Nasiru, saura ni." "Nasiru, shigar da ni." Na ce yaron nan yana da farin jini. Har waya na yi wa Sadisu na ce masa tarbiyya ta kama, ya fara tunanin ƙara mini girma.

Abin da ke faruwa a bayan ƙeyata shi ne, kowa ya bar asusunsa ya koma na Nasiru. Layi suke yi suna karɓa-karɓa. Ɗan shekara tara sunansa Nasiru, ɗan shekara sha ɗaya sunansa Nasiru. Na kulle ƙofar gida da kwaɗo, na zauna a gabanta ina gadi, alhali da hannuna na fasa katanga ta baya.

Ranar da abin ya fashe, da azahar ce, na dawo daga masallaci ke nan. Wata mata ta yi sallama da muryar da ta sa na rage rediyo ban shirya ba. Goggo Hansatu ce, yayar Malam Haruna, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, har ita ta goye shi. Tana sarin mazarƙwaila tana aikawa Kano da Zariya, kuma direbobin tasha sun san ba a yi mata wasa da kaya. Na san ta shekara da shekaru. Abin da ban taɓa tsayawa na haɗa a kaina ba shi ne, tun da aka yaye Nasiru a ɗakinta yake. Ita ta yi masa kaciya, ita ta kai shi makaranta, ita ke dukansa, ita ke lallashinsa. Masu shi ɗin da aka ce in tambaya, ga su nan tsaye a kaina da mayafi a kafaɗa.

Ta gaishe ni yadda ya kamata, har da tambayar uwargida. Sannan ta ce, "Tanimu, wane ne Oga Fred?"

Na ce ban san shi ba, ko sabon ma'aikacin asibiti ne?

Ta ce, "Abokin ɗana ne. A cikin akwatinka yake zaune. Jiya yaro yana cin tuwo yana ba ni labari da murna, wai yana da aboki babba, mai mata da 'ya'ya, wanda ya ce yana son ya zo Makarfi ya ga yadda ake rake. Ya tambaye shi sunan unguwarmu, ya faɗa masa. Ya tambaye shi wace rana ubansa ke lodi, mota nawa yake cikawa, ya faɗa masa. Yanzu lambar waya yake nema." Ta gyara mayafinta. "Wataƙila mutumin kirki ne mai sha'awar rake. Wataƙila kuma ba haka ba ne. Kai da kake uban yaran, wanne ne?"

Na kashe rediyon. Ku da kuke zaune a ƙasar nan kun san da irin tambayoyin Oga Fred ɗin nan masu garkuwa da mutane suke farawa, ba sai na faɗa ba.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Ai hira da baƙi a toshe take ga yara. Shi Nasiru da yake ya kai sha takwas..."

"Ya kai me?"

"Sha takwas. Bisa ga bincike."

Ta ce, "Sha uku gare shi. Sha ukun ma sai bayan Babbar Salla zai cika."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta wuce ni ta shiga ciki, ni ma na juya na bi ta, kuma ina jin wannan ne karo na farko da na tsaya na kalli talabijin ɗin nan da kyau. Wani ɗan mitsitsin yaro, wanda ni da kaina na rubuta wa shekara takwas, yana zaune da abin ji a kunne ya fi kansa girma, yana harbin mutane a wani kango. A saman allon an rubuta Nasiru. Shi kuwa mai sunan yana gefe yana tsara layi. Da ya ga goggonsa sai duk tsawon nan ya naɗe.

Kafin la'asar magana ta isa wurin mai unguwa, don iyayen sauran yaran ma sun ji. Aka ce a kulle shago, kowa ya hallara a zaurensa ranar Asabar in Sadisu ya zo. Kwanakin da ke tsakani ban ji daɗin tuwo ba. Ba kujerata kaɗai nake tunani ba. Yaron nan Sadisu duk abin da ya tara ya zuba a wurin, ya kuma ɗauko ni ne saboda mutuncin da ke tsakanina da mahaifinsa.

Ranar Asabar zaure ya cika. Mai unguwa a kan buzunsa, iyaye a jere, Sadisu a durƙushe, ni a gefensa ina ƙoƙarin in yi ƙanƙanta. Malam Haruna ya zauna can bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Goggo Hansatu tana daga soro na ciki inda mata ke tsayawa, amma muryarta ba ta buƙatar a matso da ita.

Sadisu ya yi bayani tsakani da Allah. Ya ce makullin bai lalace ba, yana aiki, shekarar da aka ba shi ce ba daidai ba. Mai unguwa ya ce wa ya ba shi? Na ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce da wane ma'auni? Na ce da tsawo, da murya, da damin rake, da kuma haraji. Wani a cikin iyayen ya yi dariya har ya sarƙe, amma mai unguwa bai yi ba. Ya juya ya ce, "Malam Haruna, kai ka kawo yaron. Me ka ce a yi masa?" Haruna ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da aka yanke daidai ne." Ko a nan, da shago ke shirin rufuwa a kan ɗansa, bakinsa bai iya ɗaukar maganar yaron ba. Kuma ba wanda ya ga laifinsa a zauren, don kowa ya san haka abin yake.

Mai unguwa ya ce to magana ta ƙare, dama ɗaya ya bayar kuma an ci ta. Sadisu ya rufe ido.

Sai Goggo ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini." Aka ba ta. Ta ce, "Ni aka yi wa laifi, kuma ni ban ce a rufe ba. In an rufe nan, akwai wani a bakin tasha, ba makulli, ba dattijo, ko irin wannan." Ta nuna ni. "Can za su koma, kuma can ba ni da wanda zan je in tsare. Nan aƙalla na san ƙofar. Abin da nake so a gyara shi ne wannan doka ta a kawo uba. Wa ya ce muku uba ne ke riƙe da kowane yaro a garin nan? Wani yana hannun kakarsa, wani yana hannun kawunsa, wani ubansa yana Kudu sai Salla. Kun kira ƙanena kun tsayar da shi a gaban ɗan farinsa kuna tambayarsa shekaru. Da kun aiko mini, da numfashi ɗaya na gaya muku."

Sadisu ya ce, "Goggo, laifina ne. Na'urar ta ce uba ko uwa, ni kuma na kwafo yadda na gani."

Ta ce, "Ita na'urar ba ta san Makarfi ba. Kai ka sani."

Aka yi ta magana, wasu na a rufe, wasu na a bari. Daga ƙarshe mai unguwa ya yanke cewa a buɗe, da sharaɗin duk wani yaro sai wanda ke riƙonsa ya zo, mace ce ko namiji, a sake tabbatar da shekarunsa. Asusun manya kuwa kowanne a sa masa tasa lambar shiga, kada wani ya ara wa wani. Ni kuma ya ce a juya mini kujera ta fuskanci talabijin, in hawaye ne in yi ta yi.

Daga zauren muka wuce shago, ni da Sadisu da Goggo da Nasiru. Sadisu ya fara toshe Oga Fred, ya kai ƙararsa ta wurin da na'urar ta tanada, sannan ya ce wa Nasiru tsohon asusun dole a rufe shi, tunda shekarar ba ta gyaruwa. Nasiru ya ce to ƙungiyar ƙwallonsa fa, wadda ya yi wata da watanni yana haɗawa, da kofunan da ya ci? Sadisu ya ce ba sa tashi daga wannan asusu zuwa wancan, sai dai ya faro daga farko. Yaron ya tsaya yana kallon allon. Sai ga hawaye shaaa, yana sharewa da bayan hannu, yana jan hanci, yana cewa wallahi shi ba a yi masa adalci ba. A nan na ga shekarunsa sarai, ba tabarau. Wanda na auna da bango har na sa shi a haraji, ga shi yana kuka a kan kofin da ba a iya shan ruwa da shi. Goggo ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta miƙa masa gefen mayafinta.

To ku sababbin ma'aikata, abin da na kwasa ke nan. Makullin nan yana da kyau, amma bai fi gaskiyar wanda ya ba shi shekara ba, kuma ba ya leƙa fuskar wanda ke riƙe da fad. In yaro ya zo, kada ku tambaye shi shekarunsa, kada ku auna shi da ido, yaran yanzu taki ake sa musu. Ku tambaya wa ke riƙonsa, ku nemi wannan mutumin ko da a kasuwa yake. In uba ya dubi takalminsa ya ce a tambayi masu shi, ba rowar magana yake yi muku ba, hanya ya nuna muku. Kuma duk ranar da kuka ji shago ya yi tsit, ba mai roƙonku ƙarin lokaci, ku tashi ku duba, wani abu ya buɗe.

Sadisu ya so ya rataya sabon asusun Nasiru a ƙarƙashin na shago kamar na sauran. Goggo ta ce a'a. Ta zaro wata babbar waya daga jaka, wadda take karɓar saƙon 'yan kasuwar Kano da ita, ta ce a sa mata abin a nan, ita za ta riƙe ɗanta. Sadisu ya buɗe mata nata asusun, ya nuna mata inda za ta ga lokacin da yaro ya yi da inda za ta kashe daga duk inda take. Ta ce a toshe hira, a tsayar da shi a wasannin da suka dace da shi, ranar Islamiyya kuwa ko minti ɗaya. Sannan ya miƙa mata ya ce ta zaɓi lambar sirri. Ta juya mana baya ta danna.

Ni kuwa da na ga ƙura ta lafa, shago ya tsira, kujerata tana nan, sai na ji muƙamina yana dawo mini a jiki. Na gyara murya na ce, "To Hansatu, bisa ƙa'idar aiki, ya kamata a ba Darakta kwafin lambar nan. Ko za ki yi tafiya, ko wani abu ya taso, a samu babba a kusa."

Ta sa wayar a jaka, ta ja zif, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

Ta ce, "Lambar ta manya ce, Babarbare. In ka girma a ba ka."